Kare ya yaga min bayan agwagwa: in yi jinyarta ko in yanka?

"Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon agwagi 'yan kaɗan a bayan ɗakina. Jiya da asuba karen maƙwabta ya shigo ta inda katanga ta zube, ya cafki wata macen da take kwance a kan ƙwai goma sha biyu. Kafin yara su kore shi ya yage mata fatar baya kamar faɗin tafin hannuna, ana ganin tsoka. Jinin ya tsaya. Tana shan ruwa amma ba ta cin komai. Wasu sun ce in zuba mata baƙin mai, wasu sun ce toka, maigida kuma ya ce a yanka kafin ta zama mushe. Ni dai ina sonta, ita ce ta fi kowacce iya renon 'ya'ya. Don Allah yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya tsare gaba. Abu uku na fahimta kike son ji: ko wannan agwagwa za ta tashi, me ya kamata a sa wa ciwon, da kuma yaushe ne maganar maigida ta yanka za ta fi taki. Tun da farko ki kwantar da hankalinki game da yagar da ta tsorata ki. A cikin tsuntsayen gida da nake dubawa, ban ga mai jure rauni irin agwagwa ba. An sha kawo min wadda aka saɓule wa fatar baya har mai ita ya fidda rai, bayan wata guda sai ka nemi tabon ka rasa don gashi ya rufe shi. Abin da ke kashe su yawanci uku ne: ɗan ramin haƙori da ke ɓoye cikin gashi ba a gan shi ba, tsutsar ƙuda, da abubuwan da mutane ke zubawa da sunan magani. A kan waɗannan zan fi daɗewa.

Kafin ki taɓa ciwon

Ki fara da kanki. Yawun karen yana jikin gashinta, kuma ba ki san lafiyar karen ba. Ciwon haukan kare ba cutar tsuntsaye ba ce, amma yawu mai ɗauke da shi yana iya shiga jikin mutum ta wata 'yar tsaga a hannu. Ki sa safar hannu, in babu ki ɗaura leda mai tsabta. Ki kuma tambayi yaran da suka kori karen ko ya ciji wani ko ya yakushe shi. In hakan ta faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai yaron asibiti a ranar, maganar agwagwa ta biyo baya.

Sannan ki raba ta da sauran. Ki sami kwali babba ko kwando, ki shimfiɗa tsohon zane busasshe, ki ajiye ta a ɗaki mai ɗan duhu da ɗumi inda ba hayaniyar yara. Zafin jikin agwagwa mai lafiya yana kai maki 41 zuwa 42 a ma'aunin Selshiyos, kuma wadda ta rasa fata da gashi tana saurin yin sanyi, musamman da damina ko hunturu. Kada ki shimfiɗa mata ɗanyar diddigar katako ko ciyawa mai fumfuna, domin ƙurar fumfuna tana kama huhun tsuntsu mai rauni.

In za ki riƙe ta, ki naɗe ta da zane ki rufe mata kai, za ta natsu, ke ma ki tsira daga faratanta. Amma kada a matse ƙirjin. Tsuntsu ba ya numfashi irin namu: ƙashin ƙirjinsa ne ke hawa da sauka yana tura iska cikin wasu jakunkuna da ke warwatse a jikinsa. In yaro ya rungume ta da ƙarfi don ya taimaka miki, zai iya shaƙe ta yana ganin riƙo yake yi. Idan jini ya sake ɓallewa yayin duba, ki danna wurin da tsumma mai tsabta minti biyar cur, ba tare da ɗagawa kina leƙawa ba.

Ramin da ba a gani

Kare ba ya cizo da haƙori ɗaya. In ya yaga baya da haƙoran sama, to na ƙasa sun shiga wani wuri, galibi ƙarƙashin fiffike, gefen ciki ko cinya. Don haka ki fita da ita inda haske yake, ki riƙa buɗa gashin da yatsu kaɗan-kaɗan tun daga wuya har gindin wutsiya, ciki da baya. Duk inda gashi ya manne ko ya daskare da jini, akwai abu a ƙarƙashinsa. Ramin zai iya zama kamar ƙwayar gero a ido, alhali ya nutsa cikin tsoka.

Dalilin da ya sa nake tsoron ƙaramin rami fiye da babbar yaga shi ne, yaga a buɗe take, ana wanke ta, iska na shiga, datti na fita. Rami kuwa bakinsa yana rufewa da wuri, ya kulle ƙwayoyin cutar bakin dabbar a ciki. Bakin kare da na kyanwa suna ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira Pasteurella, wadda in ta shiga jinin tsuntsu tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Cizon kyanwa da muzuru ya fi muni ta wannan fuska, saboda haƙoransu siriri ne kamar allura. Na taɓa zuwa wani gida inda muzuru ya kama ɗan agwagwa, aka ƙwace shi, uwargida ta duba ba ta ga jini ba ta mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Washegari da yamma ya mutu. Da na buɗa gashin, ramuka biyu ne kawai a ƙarƙashin fiffike.

Akwai kuma abin da kare ke yi wanda sauran ba sa yi, wato girgiza abin da ya kama. Wannan kan murƙushe tsoka, ya karya ƙashi, wani lokaci ya taɓa ƙashin baya. Ki ajiye ta a ƙasa ki gani: tana iya tsayuwa da ƙafafu biyu? Fiffike ɗaya ya fi ɗaya saukowa? Ki kasa kunne kusa da ramukan yayin da take numfashi. In kin ji iska na fita, ko kin ga kumfa, ko fatar wurin ta kumbura tana ƙara kamar leda in kin taɓa, haƙori ya huda jakar iska. Irin wannan ramin ba a tsiyaya masa ruwa ko kaɗan, don ruwan zai wuce hanyar numfashi. A goge gefensa kawai, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nemi likita.

Wanki

Maganin farko yana cikin madafarki. Ki tafasa ruwa rabin lita, wato daidai leda ɗaya ta fiya wata, ki zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, ki bar shi ya huce har ya zama ɗumin da za ki iya yi wa jariri wanka da shi. Kada ki ƙara gishirin da nufin ya fi ƙarfi, zafi kawai zai yi mata ya ƙona tsokar. In kemis na kusa, ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti shi ne mafi dacewa. Ki sayi sirinji babba, ki cire allurar, ki riƙa zuƙo ruwan kina fesawa a ciwon har ƙasa, gashi da daskararren jini su fita. Ki yi ta yi, kada ki ji tausayin ruwa. Auduga tana barin zare a ciwo, gara bandeji mai raga-raga ko tsumma da aka tafasa.

Gashin da ke kewaye da ciwon ki rage shi da almakashi, kamar faɗin yatsa biyu. Kada ki fige, domin fatar tsuntsu siririya ce, figa kusa da yaga yana ƙara tsaga ta. Sai dai ki sani gashin da aka yanke ba ya tsirowa sai lokacin da ta zubar da gashi da kanta, saboda haka a rage iya abin da ya zama dole.

Bayan ruwan gishiri, ki sami aidin irin wanda ake kira povidone, ki ɗiga a ruwan da aka tafasa har launinsa ya zama kamar shayi marar kauri, ki sake ɗauraye ciwon da shi. Sau biyu a rana a kwanaki ukun farko, daga nan sau ɗaya ya isa.

Yanzu maganar baƙin mai. Don Allah, Hajiya, kada ki bari ya kusanci agwagwar nan. Na san dalilin da ya sa mutane ke sa shi: yana korar ƙuda, kuma an gada ana shafa wa dabbobi. Amma man da ya gama zagaya inji cike yake da guba, yana ƙona tsokar da ke ƙoƙarin tsirowa, agwagwa kuma kullum bakinta na cikin gashinta tana gyara, don haka za ta haɗiye shi. Ya kuma lalata gashin da ke kare ta daga ruwa da sanyi. Wadda ta fi ba ni wahala a aikina ba cizon ne ya wahalar da ni ba, sai da na yi kwana uku ina fama da man da aka malala mata kafin in ga ainihin ciwon. Toka, ƙasa, garin batir, kalanzir da fiya-fiya duk sahunsu ɗaya. Sifirit da magungunan wanke bayi irin su Izal suna kashe ƙwayar cuta, suna kuma kashe tsokar tare da ita. Haka man shafawa na ƙuraje da ake sayarwa a kemis mai haɗin magani uku, yawancinsu akwai sinadarin betamethasone a ciki, wanda ke raunana garkuwar jikin tsuntsu ya hana ciwo rufewa.

Abin da na yarda da shi cikin kayan gida shi ne zuma, tsantsarta wadda ba a haɗa da sukari ba. Tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, tana riƙe danshin da sabuwar tsoka ke buƙata. Ki shafa ta siriri a kan tsokar da ke buɗe, ki ɗora bandeji, ki naɗe shi sako-sako ta ƙarƙashin fuka-fukai yadda yatsanki zai iya shiga. Aibinta ɗaya, tana kiran tururuwa da ƙuda, don haka sai an rufe, kuma a canza kullum. Shuɗin maganin nan da ake fesa wa dabbobi, ko wanda ake shafa wa yara a ƙuraje, yana da amfani ga ƙananan ƙujewa, yana kuma ɓoye jan ciwo daga kaji masu tsattsaga. A kan babbar tsoka buɗaɗɗiya ban cika son sa ba, saboda yana busar da ita, ya kuma rufe min launin da nake son gani.

A ɗinke ko a bari?

Da a cikin awa shida zuwa takwas na farko aka kai ta wurin likita, da zai iya wankewa ya mayar da fatar ya ɗinke. Yanzu an kwana, kuma cizo ne, rufe shi ruf zai kulle cuta a ciki. Irin wannan barin sa muke yi ya cike daga ƙasa. In akwai fatar da ke reto kuma har yanzu tana da taushi da ɗumi, ki wanke ƙarƙashinta ki shimfiɗa ta a mazauninta, sau da yawa wani sashe yakan kama. In ta yi baƙi ta bushe kamar ƙirgi, ta mutu, likita zai yanke ta. Kada ki ɗauki allura da zaren ɗinki ki gwada da kanki.

Ga abin da za ki gani, don kada ya firgita ki. Bayan kwana biyu ko uku fatar da ke kewaye za ta yi kore. Mutane da yawa a nan suke cewa ta ruɓe su yanka, alhali kwanciyar jini ce, a jikin tsuntsu kore take juyawa. Ruɓa tana zuwa da wari, da laushi, da ruwa mai ɗoyi. Wajen kwana biyar zuwa bakwai za ki ga tsoka ja mai ƙurji-ƙurji tana tasowa, bakin ciwon yana matsowa ciki. Wannan ita ce warakar. Yaga mai faɗin tafin hannu takan ɗauki mako uku zuwa huɗu. Mugunyar tsuntsu kuma ba ruwa ba ce irin tamu, dunƙulewa take kamar cuku. In kin ji wani ƙullutu mai tauri a inda ramin haƙori yake, matsawa ba za ta fitar da shi ba, sai an tsaga an ciro.

Ƙuda

A yanayinmu wannan ne abokin gaba na biyu. Koren ƙuda yana zuba ƙwai a ciwo cikin ɗan lokaci, kuma da zafi ƙwan kan ƙyanƙyashe kafin kwana ɗaya. Tsutsar tana shigewa ƙarƙashin fata inda ido ba ya kaiwa. Ki yanki tsohon gidan sauro ki rufe kwalin gaba ɗaya, ki canza shimfiɗa da zarar ta yi kashi, ki duba ciwon safe da yamma har da ƙarƙashin fuka-fukai da gindin wutsiya. Ƙwan ƙuda yana kama da ɓarzajjen farin tsaki manne a gashi, ki share shi nan take. In tsutsa ta riga ta fito, a tsince ta ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, a ɗauraye da ruwan gishiri, a sake dubawa bayan 'yan awoyi don wasu na ɓuya. In sun yi rami, likita yana da maganin da zai kashe su ba tare da ya kashe agwagwar ba.

Maganin sha

Wanki komai kyansa ba ya kai ƙasan ramin haƙori, shi ya sa duk tsuntsun da kare ko kyanwa ta ciza nake ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma a yau, ba jibi ba. Wanda aka fi zaɓa ga cizo shi ne amoxicillin mai haɗe da clavulanate, na kwana biyar zuwa bakwai. Ban rubuta miki adadi ba da gangan. Ana auna shi da nauyin tsuntsun, kuma abin da tsuntsu ke buƙata a kowane kilo ya ninka na mutum sau da yawa, don haka kintace yakan zama ko dai bai isa ba ko ya wuce. Ki auna ta a sikelin mai shago, ki je ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku ko shagon magungunan dabbobi da ke da likita. Waɗanda ke kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri suna da asibitin koyarwa na dabbobi a jami'o'insu. Al'adar fasa kafso ja da yalo a kaskon ruwa ba ta wadatar: agwagwa tana watsar da rabin ruwan, marar lafiya kuma ba ta shan abin kirki.

Tana jin zafi, ko da ba ta kuka, kuma zafin na cikin abin da ya hana ta ci. Likita zai iya ba ta maganin rage zafi da ake kira meloxicam. Kada ki ba ta maganin ciwon jiki na mutane, musamman diclofenac. Wannan maganin ne ya kusa ƙarar da ungulu a Indiya da Pakistan ta hanyar lalata musu ƙoda, har Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006.

In ta sha magani, kada a ci ƙwanta lokacin shan da aƙalla kwana 7 bayan gamawa, nama kuma kwana 28, sai in likita ya faɗi abin da ya fi haka.

Ci, sha da wanka

Shan ruwan da take yi alama ce mai kyau. Ki sa mata ɗan sukari ko garin gishiri da sukari na masu gudawa a ruwan kwana ɗaya ko biyu. Mazubin ya zama mai zurfin da za ta tsoma kai har hanci da ido, don da haka take wanke su, amma ƙanƙane yadda ba za ta shiga ciki ba. Babu wanka, babu kwata, babu kududdufi har sai fata ta rufe. Kada a ɗura mata ruwa a baki, ƙofar numfashinta tana gindin harshe, shaƙewa ba wuya.

Macen da ke kwanci dama ba ta cika ci ba, ga kuma firgita, don haka kwana ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne. Ki jarabce ta da jiƙaƙƙiyar dusa mai ruwa-ruwa, dafaffen ƙwai da aka marmasa, gara, yankakken ganyen zogale ko latas a saman ruwa. Sabuwar fata da abinci mai gina jiki ake yin ta, tsaki kaɗai ba zai yi ba. In kaɗaici ya dame ta, ki ajiye wata mace mai sanyin hali a inda za su ga juna. Toro kam kada ya kusance ta har gashi ya dawo, domin bayan nan da kare ya yage, shi zai hau da farata.

Ƙwan kuma kada ki mayar da ita kansu. In akwai kaza ko wata agwagwa mai kwanci, ki raba mata yanzu, kaza ta ɗauki biyar ko shida. Irin agwagwarmu ta gida kwana 35 take yi kafin ƙyanƙyasa, na kaza kuwa 21, don haka a zaɓi kazar da ta fara kwanci kwanan nan.

Inda maganar maigida take da ƙarfi

Gani ya kori ji, ni kuma ban ga agwagwar ba, don haka ga alamun da in kin gansu zan goyi bayansa: hanji ya fito ko ciki ya huje, ƙafafu biyu sun mutu ba ta jin taɓi, numfashi da baki buɗe yana ƙaruwa, ƙashi ya karye ya fito waje, ko ta kai kwana uku ba ci kuma ta daina ɗaga kai. A irin wannan hali ci gaba da jinya azabtarwa ce. Shawarar kuma a yanke ta kafin a fara magani, domin naman da ke ɗauke da magani ko wanda cuta ta shiga jininsa ba na ci ba ne. Ta fuskar halasci, aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta ambaci abin da naman daji ya ci, ta togace wanda aka riski yankansa, kuma malaman Malikiyya suna da bayani kan dabbar da aka riga aka huda mata makasa. Wannan fagen malamai ne, maigida ya tambayi limaminku.

Daga abin da kika bayyana, jini ya tsaya, tana sha, ta kwana ta tashi, ni zan yi jinyarta. Ki duba ramukan yau, ki nemo maganin yau. Sannan a toshe inda katangar ta zube kafin dare ko da da ƙaya ce ko tsohon langa-langa, a riƙa kulle sauran a akurki mai ƙofa tun magariba, a kuma yi wa maƙwabcin magana cikin mutunci ya ɗaure karensa, domin karen da ya ɗanɗana sau ɗaya ya san hanya, kuma da asuba zai dawo. In ta kai kwana uku, ki sake rubuto min ki faɗi launin ciwon, ko yana wari, da abin da ta ci. Allah Ya ba ta lafiya.